Kafaɗata da Tuwon Juma'a

Talata 7 ga Oktoba, bayan La'asar

Mun dawo daga wajen likitar ƙashi a Wustul Balad, tsakiyar gari a nan Masar. Dakta Rania sunanta, doguwa ce, ba ta da yawan dariya. Ta ɗaga hoton kafaɗata ta haska, ta nuna min wata jijiya da ta taso daga ƙwanjin damtse, ta haura ta gaban kafaɗa ta shige cikin gaɓa. Ta ce ita ce ta goge ta yi zare-zare kamar tsohuwar igiyar shanya, rabinta ma ya riga ya tsinke. An yi min gashin kafaɗar wata da watanni, an yi min allura a wurin, ga ni nan jiya-i-yau. Saura tiyata.

Ta ce hanya biyu ce. Ta farko, a ƙarasa yanke jijiyar a sake ta, ta zame ƙasa ta zauna inda ta ga dama. Ciwon zai tafi, ana warkewa da wuri, sai dai ƙwanjin kan iya dunƙulewa ya sauko, wani lokaci kuma ya riƙa ɗaurewa in an yi aiki mai nauyi. Ta biyu, a yanke ta a kafe ta a jikin ƙashin damtse da wata 'yar ƙusa. Wannan sai an rataye hannu wajen sati shida, kuma wata uku babu ɗaukar kaya. Duka biyun suna aiki, in ji ta, amma ga mai shekaruna, in tana aikin ƙarfi da hannu, ta fi son ta biyun.

Daga nan ta dube ni ta ce, "Madam Murja, wane aiki kike yi?"

Kafin in buɗe baki mijina, Malam Abdulbasit, ya gyara zama ya amsa da Larabcinsa na littafi, kowane harafi da wasalinsa. Ya ce ba na aiki, matar gida ce ni.

Na ɗauki jakata muka fito. Muka shiga metro, jirgin ƙasan cikin gari. Na tallafe hannun dama da na hagu kar wata ta buge ni.

Laraba, da safe

Na kasa ɗaura ɗankwali. Hula na sa.

Juma'a 10 ga Oktoba, bayan Magariba

Matar da ba ta aiki ta tashi tun asuba ta wanke shinkafa.

Al'adar ɗalibanmu ce a garin nan: wanda ya kawo mata, gidansa ne gidan tuwo. Ba wanda ya tambaye ni, na zo na tarar. A cikin abokan karatun Malam shi kaɗai ke da iyali, saboda haka duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai su cika ƙaramar bas su nufo unguwarmu Ard al-Liwa, su hauro benenmu. Shekarar da na zo ba su fi cikin tabarma ɗaya ba. Yanzu ban san adadinsu ba, takalmansu kawai nake gani tun daga ƙofa har kan matakala.

Shinkafar Masar tana kama tuwo, wannan gaskiya ne. Amma in ta yi kauri a babbar tukunya sai ka ce siminti kake juyawa. Yau da hagu na riƙe muciya, na tokare tukunyar da ƙugu, tuwon ya yi gudaji. Lawal, wanda ya fi kowa murya ya kuma fi kowa loma, ya ɗago daga falo ya ce, "Ummu Zahra, yau tuwon ya sha bamban, ko shinkafar ce?"

Na ce ta bayan labule, "Shinkafar ce."

Ni na faɗa, da bakina. Tir da ni.

Lahadi 12 ga Oktoba, bayan Isha'i

An sa ranar munaƙashar Malam, ranar da zai kare kundin digirinsa na uku a gaban malamai. Alhamis ashirin ga watan gobe, washegari kuma walima a gida. Na yi masa murna har cikin raina. Ni na san idanunsa yadda suka koma saboda karatu, ni na san gashin da ya zube.

Muna cin abinci ya ce, "Wai wacce ce likitar ta ce an fi saurin warkewa?"

Na ce, "Ai da kunnenka ka ji, Malam."

Ya ce tambaya kawai ya yi. Bai dube ni ba. Kalandar masallaci da ke jikin bango yake kallo, leɓensa na motsi.

Talata, da hantsi

'Yata Zahra ta faɗi a matakala ta fasa leɓe, ta taho da kuka tana miƙo hannu a goya ta. Na sunkuya zan cilla ta baya kamar kullum, sai wata wuta ta tsarga min daga kafaɗa har yatsu. Na sake ta. Ta zauna daɓas a ƙasa tana kallona, ta ma daina kukan don mamaki. Yarinya 'yar shekara biyu, ta ɗauka uwarta ta ƙi ta.

Wannan kam ya fi komai ciwo.

Laraba 15 ga Oktoba, da yamma

Maƙwabciyarmu Khala Mahasin ta sauko daga hawan sama ta wanke min kai. Bahaushiyar Sudan ce, kakanninta sun tsaya a can a hanyar Makka, yaƙi ya koro ta nan. Hausarta tsohuwa ce, irin ta kakata. Da ta ɗaga min hannu za ta cire riga na yi ƙara, ta ce, "Sajami, wayyo ni! Yarinya, wannan hannu na tsohuwa ne. Me kika yi masa?"

Na ba ta labarin hanyoyi biyun. Ta ce, "Ke wacce kike so?"

Tun da aka fara maganar nan ita ce ta farko da ta tambaye ni.

Na ce ta ƙusar nake so. Ina so in goyi 'yata, in ɗauki tukunyar gas in ta ƙare, in kai shekara hamsin hannuna bai ɗaure ba. Ta ce, "Khalas, shi ke nan, ki faɗa musu." Kamar abu ne mai sauƙi. Ta tafi ta bar min kisra, siririyar wainar dawa ta Sudan, a kwano.

Juma'a 17 ga Oktoba, bayan Magariba

Yau dubiya suka zo. Haka Malam ya ce min jiya: 'yan'uwa sun ji labari za su zo duba ki. Na ɗauka za su gaishe ni su tafi. Da safe sai ga buhun shinkafa a ƙofar kicin, wai tun da za su zo, ai ba a bar su su koma haka ba.

Na dafa. Kar ma in daɗe a nan.

Bayan sun ci suka ɗaga murya suka yi min addu'a, har da ayoyin shifa'i, na ce amin ta bayan labule. Daga nan Malam ya ba su labarin tiyatar, shi ke nan falo ya zama aji. Lawal ya ce mas'ala ce a fili, in cuta biyu suka haɗu sai a ɗauki mafi sauƙi, kuma mafi sauƙi ita ce wadda ba za ta daɗe da hana mace hidimar gidanta ba. Nata'ala, wani siriri mai gilashi da ba ya barin magana ta wuce, ya ce a'a, akwai nazari, don yanke jijiya a bar ta sakaka ya yi kama da lalata gaɓa. Lawal ya ce to ita ƙusar fa, ba baƙon abu ba ne a jikin ɗan Adam? Wani daga lungu ya ce in ta rasu da ƙusar, za a cire kafin a binne ta ko za a bar ta?

Suka kama. Wannan ya kawo ƙaulin malamai, wancan ya kawo ƙiyasi da haƙorin zinare. Gawata suke wankewa a falona, ni kuwa ina tsaye a kicin ina jiran shayi ya tafasa. Wani ya ce in babu wahala a cire, wani ya ce mutuncin mamaci ya hana a tsaga shi. Ina jin ƙarar cokali a kwano, wani yana kankare ƙanzo.

Malam ya leƙo ya ce, "Murja, shayin fa?"

Na miƙa masa tiren da hannu ɗaya, kofuna na rawa. Ya karɓa ya ce in bi a hankali kar su fashe.

Ba su cimma matsaya ba. Sun ɗage zaman zuwa Juma'a mai zuwa, wallahi haka Lawal ya ce, yana sa takalmi.

Asabar, da safe

Kwanukan jiya na nan a jiƙe, maiƙo ya daskare a kan ruwan.

Asabar, da yamma

Na wanke.

Litinin 20 ga Oktoba, bayan Azahar

Abin da ke ci min rai, Malam ba mugu ba ne. Da mugu ne da na san yadda zan yi da shi. Shi ke shafa min man zafi, shi ya sayo min filo mai laushi daga Giza. Ɗazu yana shafawa ya ce, "Kin san dai mutanen da za su zo walimar nan. Har malamina Bamisire na gayyata, na daɗe ina ba shi labarin tuwonki. In aka yi mai sauƙin, kafin lokacin kin ɗan warware."

Na ce, "In kuma ƙwanjin ya dunƙule fa?"

Ya ce, "Ai cikin hijabi yake, wa zai gani?"

Ya faɗa da taushin murya, yana ganin lallashina yake yi. Na janye hannuna na ce man ya isa.

Talata 21 ga Oktoba, bayan La'asar

Mun koma wajen Dakta Rania don a tsayar da magana. Khala Mahasin ta riƙe Zahra.

Malam ya fara jawabi. Ya gode wa likita, ya ce sun yi shawara da 'yan'uwa ma'abota ilimi, kuma ra'ayi ya fi karkata ga ta farko. Ya tambaya ko bayan sati uku mutum zai iya ɗan aikin kicin. Likitar ta ce wane irin aiki? Ya ce girki. Ta ce na mutum nawa?

Ya fara lissafi da yatsu.

Ni na ba ta amsa, da Larabcin kasuwa da na koya wajen masu tumatir. Na buɗe hannun hagu na nuna mata faɗin tukunyar, na nuna mata tsawon muciya daga ƙasa zuwa ƙuguna, na kwatanta yadda ake tuƙi. Na ce duk Juma'a, shekara huɗu. Ta cire gilashinta ta dube ni, ta dubi Malam. Ta ce ko wacce aka yi a cikin biyun, babu mai taɓa wannan tukunya nan da sati uku. Sannan ta ce, "Madam, kafaɗarki ce. Wacce?"

Na ce, "A kafe ta."

Muryata ta fito ƙarama, amma ta fito.

A hanya Malam ya ce na ba shi kunya a gaban baƙuwa. Na ce ma'alish, ya yi haƙuri. Direban tuk-tuk, adaidaitarsu ta nan, ya cika mana kunne da waƙa har gida.

Alhamis, da safe

Ni da Malam gaisuwa kawai.

Juma'a 24 ga Oktoba, bayan Azahar

Tun safe na ɗauki Zahra na haura wajen Khala Mahasin, na ce wa Malam zan taya ta tsince wake. Muna zaune na ji hayaniyarsu a matakala. Na ji an buɗe ƙofa, na ji shiru, na ji sun sauka. Na kasa kunne kamar na yi sata. Khala ta ce in ci kisra in daina kasa kunne.

Na ci. Ba ta wuce min da daɗi ba. Har yanzu kunyarsu nake ji, kuma jin kunyar ya fi komai ba ni haushi.

Litinin 27 ga Oktoba, bayan Isha'i

Gobe ne tiyatar. An ce kar in ci komai daga dare. Malam ya haɗa min jaka da kansa, ya manta silifa, ya sa littafin addu'o'i biyu. Ina tsoron allurar barci. Ina tsoron in farka hannun ya ƙi motsi. Allah Ka sa in farka.

Alhamis 30 ga Oktoba, da hantsi

Da hagu nake rubutu, sai a yi haƙuri da shi.

An yi. 'Yan huji ne a kafaɗa, da ƙaramin yanka ɗaya kusa da hammata. Hannun na rataye a ƙirjina cikin baƙin majanyi. Na yi amai bayan na farka, ciwon kuma daren farko ba a magana. A zaune nake barci. Likita ta ce jijiyar ta kafu da kyau, ta ce ko kofin shayi kar in ɗauka da shi.

Malam ya kwana a kujerar asibiti. Da na farka na ga idonsa ja. Ya ce, "Sannu, Murja." Na san har zuciyarsa ya faɗa.

Juma'a, bayan La'asar

Ba wanda ya zo dubiya. Yau da nake kwance da ɗinki a jiki.

Lawal ya turo saƙo ta wayar Malam, wai Allah Ya sa kaffara ne.

Laraba 5 ga Nuwamba, da yamma

Ƙaiƙayi a ƙarƙashin majanyin, da warin hammata da ba na iya wankewa sai Khala ta zo. Ina ƙyamar jikina. An fara min gashi, mai gashin tana ɗaga hannun a hankali, ni ban da ikon taimaka mata. Zahra ta koyi hawa cinyata ta ɓangaren hagu, tana nuna majanyin tana cewa "bebi".

Abinci kuwa, Malam ya iya dafa ƙwai. Ƙwai da safe, ful, dafaffen wakensu, daga mai kurar bakin titi da rana, ƙwai da dare.

Lahadi 16 ga Nuwamba, bayan Azahar

Kwana biyu yana zagaye kicin yana buɗe kabad yana rufewa. Bai ce min komai kan walimar ba, ni ma ban tambaya ba. Ɗazu na ji shi a baranda yana waya da Lawal, yana cewa, "To ya za a yi? Tamam, turo min lambar."

Alhamis 20 ga Nuwamba, da yamma

Malam ya ci munaƙashar, da daraja mafi girma. Ban je ba saboda cunkoso. Ya shigo da rigarsa jiƙe da gumi yana dariya kamar yaro, na yi guɗa da rabin murya. Alhamdu lillahi. Wannan murnar gaskiya ce, ba na so in gauraya ta da komai.

Juma'a 21 ga Nuwamba, bayan Isha'i

An yi walima.

Bayan an sauko daga masallaci wasu samari biyu suka hauro da manyan tukwane a naɗe da bargo. Daga wani gidan abinci na 'yan Sudan suke, a bayan layinmu. Bayan layinmu. In na tsaya a baranda ina hango allonsu. Asida ce, tuwonsu na can, da miyar busasshiyar kuɓewa da nama. Lambar da Lawal ya turo ke nan. Ɗaliban suka yi karo-karo a tsakaninsu, Malam ya buga waya, shi ke nan.

Falo ya cika har matakala. Malamin Bamisire ya ci ya ƙara. Ina ɗaki da Khala Mahasin da Zahra, ina jin Lawal yana cewa, "Wallahi kamar a gida! Mu da muka daɗe muna ci a wajen nan ranakun Talata, ai mun san hannunsu."

Ranakun Talata. Ashe sun san wurin. Tun yaushe, ban sani ba.

Khala ta dube ni, ta kau da kai, ta ci gaba da ba Zahra loma.

Da mutane suka ragu Malam ya shigo da kwano a hannu, fuskarsa fal annuri. Ya zauna a bakin gado ya ajiye min a cinya, ya gutsura min ƙanana yadda zan iya ɗauka da cokali. Ya ce, "Kin gani, Murja? Duk tashin hankalin da muka yi, ashe abu ne mai sauƙi. Waya ɗaya. Ko minti biyar ban yi ba."

Murna yake yi. Jira yake in taya shi.

Na dubi majanyin da ke ƙirjina, na dubi kwanon. Na so a ce tuwon ya yi gudaji, ko miyar ta yi salam, ko gishiri ya yi yawa, in samu abu ɗaya da zan riƙe in ce dole ce ta sa aka yi shekara huɗu ana hawo min bene. Na ɗiba na kai baki.

Da daɗi. Ya fi nawa ma.